Daga Rikicin Guraben Aiki zuwa Faɗuwar Gwamnati: Nazarin Boren Ɗaliban Bangladesh na 2024

Wannan nazari ya bi diddigin gwagwarmayar da ɗaliban jami'o'in Bangladesh suka yi a kan tsarin rabon guraben aikin gwamnati, tun daga hukuncin kotu na ranar 5 ga Yuni 2024 har zuwa ranar 5 ga Agusta da firaminista Sheikh Hasina ta bar ƙasar. An ambaci sunayen masu riƙe da muƙamai, amma an sakaya na ɗaliban.

Tushen matsalar: 1972 zuwa 2018

Bangladesh ta ɓalle daga Pakistan a 1971 bayan yaƙin wata tara. A shekarar da ta biyo baya gwamnati ta ware wa mazan jiyan da suka yi yaƙin wani kaso na guraben aikinta. Da shekaru suka ja, mazan jiya suka tsufa, sai aka miƙa gatan ga 'ya'yansu a 1997, daga baya kuma jikokinsu suka shigo ciki. Ya zuwa 2018, kashi 56 cikin 100 na guraben an riga an keɓe su: kashi 30 na zuriyar mazan jiya, 10 na mata, 10 na gundumomi, 5 na ƙananan ƙabilu, 1 na naƙasassu. Kashi 44 ne kawai ya rage wa wanda bai da komai sai sakamakon jarrabawarsa.

Aikin gwamnati a ƙasar shi ne burin mafi yawan masu digiri, saboda albashi tabbatacce da fansho da mutunci. Masu neman zama jarrabawar shiga aikin sukan haura dubu 300, guraben kuwa 'yan dubbai ne. Ɗalibai sun daɗe suna ƙorafin cewa zuriyar mazan jiya ba ta kai ko kusa da kashi 30 na al'umma ba, kuma jam'iyyar Awami League mai mulki, wadda ta jagoranci yaƙin 'yanci, ita ke cin moriyar kason.

A watan Afrilun 2018 ɗalibai suka fito suna neman a rage kason. Abin da suka nema gyara ne, amma a watan Oktoba gwamnati ta fitar da takardar umarni ta soke kason gaba ɗaya a manyan matakan aiki, daga mataki na 9 zuwa na 13. Majalisa ba ta yi wata doka a kai ba. Takarda ce ta ɓangaren zartarwa, kuma irin wannan takarda ana iya kai ta gaban alƙali. Haka kuwa aka yi: a 2021 wasu 'ya'yan mazan jiya suka shigar da ƙara.

5 ga Yuni zuwa 13 ga Yuli: toshe hanyoyi ba tare da jini ba

Ranar 5 ga Yuni 2024 babbar kotu ta ce soke kason mazan jiya ya saɓa wa doka. Hukuncin ya zo ne wata biyar bayan zaɓen 7 ga Janairu, wanda babbar jam'iyyar adawa ta BNP ta ƙaurace wa, kuma wanda ya ba Hasina, da ke kan mulki tun 2009, wa'adi na huɗu a jere.

Daga 1 ga Yuli ɗalibai suka haɗu ƙarƙashin inuwa ɗaya da suka kira ƙungiyar ɗalibai masu adawa da wariya. Ba su naɗa shugaba guda ba. Kowace jami'a tana da masu tsara al'amura nata, kuma su ne ke haɗuwa su tsayar da shirin washegari su sanar da shi a bainar jama'a da kuma Facebook. Sun kuma nesanta kansu daga tutar kowace jam'iyya, domin sun san da zarar an ce 'yan adawa ne ke juya su, an sami hujjar murƙushe su.

Dabararsu ta farko ita ce toshe mahaɗar hanyoyi, wadda suka faɗaɗa daga 7 ga Yuli. Dhaka, babban birnin ƙasar, birni ne mai cunkoso, kuma manyan titunansa suna sarƙe ne a 'yan mahaɗu kaɗan, irin su Shahbagh da ke bakin Jami'ar Dhaka. Ɗalibai 'yan dubbai da suka zauna a kan kwalta a wurare kaɗan sun isa su tsayar da zirga-zirgar birnin na sa'o'i. Suna faɗin lokacin farawa da na tashi tun da wuri, suna buɗe wa motocin asibiti hanya. Ɗaliban wasu garuruwa suka yi haka a kan manyan hanyoyi da layin dogo.

Gwamnati ta tsaya a kan cewa magana tana gaban kotu, kuma ita ma ta ɗaukaka ƙara. Ranar 10 ga Yuli kotun ƙoli ta dakatar da aiki da hukuncin na mako huɗu. Ɗalibai suka ƙi komawa aji. Hujjarsu ita ce abin da ya faru da takardar 2018: dakatarwa ta kotu na iya ƙarewa, takardar umarni na iya rushewa, don haka suna son majalisa ta yi doka da za ta shafi dukkan matakan aiki, ta bar ɗan ƙaramin kaso ga marasa galihu. Har zuwa wannan lokaci ba a kashe kowa ba, kuma babu wanda ya ambaci saukar gwamnati.

14 zuwa 17 ga Yuli: kalma ɗaya, sanduna, da harbin Rangpur

Ranar 14 ga Yuli, a taron manema labarai, firaminista ta yi tambayar cewa idan jikokin mazan jiya ba su sami kason ba, shin jikokin Razakar ne za su samu. Razakar su ne 'yan ƙasar da suka mara wa sojojin Pakistan baya a 1971, kuma babu zagin da ya kai wannan zafi a siyasar Bangladesh. A daren nan ɗalibai maza da mata suka fito daga ɗakunan kwanansu a Jami'ar Dhaka suna maci.

Washegari 'yan Chhatra League, reshen ɗalibai na jam'iyya mai mulki, suka auka musu da sanduna da rodi, da yawansu sanye da hular kwano. Ɗaruruwa suka jikkata, ciki har da ɗalibai mata, kuma an bi wasu har cikin asibitin koyarwa na Dhaka. Akwai daɗaɗɗen ƙulli a nan: shekara da shekaru wannan ƙungiya ce ke da ta cewa a kan wanda zai sami gado a ɗakunan kwanan jami'o'in gwamnati, kuma sabon ɗalibi yakan biya da halartar tarukan jam'iyya. A daren 16 ga wata ɗalibai suka fatattaki jagororin ƙungiyar daga ɗakunan.

Ranar 16 ga Yuli aka fara kisa. A garin Rangpur da ke arewa, wani ɗalibin sashen Turanci na Jami'ar Begum Rokeya ya tsaya a tsakiyar titi gaban 'yan sanda, ya buɗe hannuwansa biyu, sanda kawai ke hannunsa. Daga tsallaken titi aka harbe shi da bindiga mai watsa ƙananan harsasai, aka sake harbi. Ya ɗan ja baya, ya durƙusa, abokansa suka ɗauke shi, ya cika kafin a yi masa wani abu a asibiti. Kyamarori sun ɗauki komai. Duk da haka rahoton farko na 'yan sanda ya ɗora mutuwar a kan masu zanga-zanga, har aka kama wani yaro ɗan shekara 16 a kan laifin. Mutum shida aka kashe a faɗin ƙasar a ranar.

A daren ne aka ba da umarnin rufe makarantu da jami'o'i har sai abin da hali ya yi. Ranar 17 aka kori ɗalibai daga ɗakunan kwana, kuma 'yan sanda suka tarwatsa sallar ga'ib da aka shirya wa mamatan a Jami'ar Dhaka da barkonon tsohuwa da gurneti mai ƙara. Da yamma Hasina ta yi jawabi ta talabijin, ta yi alkawarin binciken shari'a, ta nemi a jira kotu.

18 zuwa 23 ga Yuli: duhun intanet da dokar hana fita

Lissafin rufe ɗakunan kwana shi ne ɗalibai za su watse su koma garuruwansu. A jami'o'in gwamnati ya yi aiki. Amma Dhaka cike take da jami'o'i masu zaman kansu, kuma ɗalibansu ba a harabar makaranta suke kwana ba, suna gidajen iyayensu ne ko gidajen haya a cikin unguwanni. Ranar 18 ga Yuli su ne suka fito, tare da 'yan sakandare da ɗaliban makarantun addini, kuma fagen ya tashi daga harabar jami'a ɗaya ya bazu zuwa Uttara da Badda da Rampura da Mirpur da Jatrabari. A waɗannan unguwanni masu tuƙa keken haya da 'yan tireda da ma'aikatan masaƙu suka shigo ciki. A Uttara an harbe wani matashi da ke raba wa mutane ruwan sha.

A ranar ne ministan shari'a ya yi tayin tattaunawa. Ɗalibai suka ce ba za su zauna a teburi ba alhali ana harbinsu. Aka katse intanet na wayar hannu, da dare kuma aka katse na gidaje da ofisoshi gaba ɗaya. An cinna wa ginin talabijin na gwamnati wuta. Ranar 19 aka lalata tashoshin jirgin ƙasan birni biyu, aka fasa gidan yarin Narsingdi fursunoni fiye da 800 suka tsere. Da tsakar daren gwamnati ta sa dokar hana fita, ta fito da sojoji, aka kuma sanar da izinin harbi a kan masu karya dokar. 'Yan sanda, dakarun RAB (rundunar tsaro ta musamman ta kai ɗaukin gaggawa) da masu tsaron iyaka sun yi amfani da harsasai masu rai, aka ga jirage masu saukar ungulu suna shawagi a kan unguwanni. An sami yaran da harsashi ya same su a kan rufin gida ko bakin taga. Asibitin ido na ƙasa ya cika da waɗanda ƙananan harsasan ƙarfe suka shiga idanunsu.

Katse intanet ya hana ɗalibai saurin sadarwa, ya kuma jinkirta fitar hotunan kisan. Sai dai ya shafi kowa. Masu mitar wuta ta kati sun kasa sayen kati, hada-hadar banki ta tsaya, masaƙun tufafi da ƙasar ta dogara da su wajen samun kuɗin waje suka kasa magana da masu saye. Ɗalibai suka koma ga saƙon tes da kiran waya da kai takarda hannu da hannu ga 'yan jarida. Ta wannan hanya sabbin buƙatu tara suka fito, kuma ba kason aiki ke kan gaba a cikinsu ba: firaminista ta nemi gafara a bainar jama'a, wasu ministoci su sauka, a kama masu kisan, a biya diyya, a kawar da siyasar jam'iyya daga jami'o'i.

Gwamnati ta nemi a matso da zaman kotun ƙoli daga 7 ga Agusta zuwa 21 ga Yuli. Kotun ta yanke cewa kashi 93 na guraben na cancanta ne, 5 na 'ya'yan mazan jiya, 1 na ƙananan ƙabilu, 1 na naƙasassu da waɗanda dokar ƙasar ke kira jinsi na uku. Ranar 23 gwamnati ta buga shi a hukumance, ya shafi dukkan matakan aiki, kuma aka fara maido da intanet na gidaje da ofisoshi a wasu wurare.

24 ga Yuli zuwa 2 ga Agusta: kame, da bidiyon janyewa

Tituna sun lafa na 'yan kwanaki. A wannan tsakani jami'an tsaro suka riƙa killace unguwa da dare, su bi gida-gida suna duba wayoyi da katin shaidar ɗalibi, suna kwashe matasa. Ranar 25 firaminista ta ziyarci tashar jirgin ƙasa ta Mirpur da aka lalata, aka ɗauki hotonta tana share hawaye, kuma jama'a suka auna wannan da gawarwakin da ba a gama ƙidaya ba.

Tsakanin 26 da 28 ga Yuli 'yan sandan ciki suka ɗauke fitattun masu tsara zanga-zangar guda shida. Uku daga cikinsu daga gadon asibiti aka ɗauke su, kuma biyu a cikin ukun an riga an sace su kwanakin baya an yar da su da raunuka. Hukuma ta ce don kare lafiyarsu ta tsare su. Ranar 28 aka saki bidiyo daga ofishin 'yan sandan, ɗaya daga cikinsu yana karanta takardar janye zanga-zanga, sauran suna zaune a gefe, aka kuma wallafa hotonsu suna cin abinci tare da shugaban sashen. Cikin sa'o'i sauran masu tsarawa da ke ɓoye suka fitar da sanarwa cewa maganar da aka yi a hannun 'yan sanda ba ta ɗaure kowa ba.

A ranar 28 ɗin aka maido da intanet na wayar hannu, kodayake Facebook ya ci gaba da zama a toshe na ɗan lokaci, mutane suna zagayawa ta manhajar VPN. Bidiyoyin da aka ɗauka a kwanakin duhu suka fara yawo a lokaci guda. Gwamnati ta ayyana 30 ga Yuli ranar makoki da baƙin ƙyalle. Ɗalibai suka nemi a ɗaure baki da ido da jan ƙyalle, a mai da hoton shafi ja, kuma jama'a da dama suka amsa. Ranar 31 suka yi maci zuwa kotuna. Malaman jami'a da lauyoyi da iyaye suka shiga gaba, an ga malamai suna ƙwato ɗalibansu daga hannun 'yan sanda. Ranar 1 ga Agusta aka saki shidan, aka kuma haramta jam'iyyar Jamaat-e-Islami, wadda gwamnati ke zargi da tayar da tarzomar. Shidan suka bayyana cewa tilasta musu aka yi.

3 zuwa 8 ga Agusta: buƙata ɗaya

Ranar 3 ga Agusta firaminista ta ce ƙofar fadarta a buɗe take ga ɗalibai. Da yammacin ranar, a gaban dubun dubatar mutane a dandalin Shaheed Minar, aka dunƙule buƙatu tara zuwa ɗaya: gwamnati ta sauka. Aka yi kiran ƙin ba da haɗin kai daga washegari, wato kada a biya haraji ko kuɗin wuta da ruwa, kada a je ofis, a rufe masana'antu.

Ranar 4 magoya bayan jam'iyya mai mulki suka fito da makamai, aka yi arangama a gundumomi da yawa, kusan mutum 100 suka mutu. A Enayetpur an far wa ofishin 'yan sanda an kashe jami'ai fiye da goma. Gwamnati ta sake katse intanet na wayar hannu, ta sa dokar hana fita daga ƙarfe shida na yamma. Ɗalibai da suka tsara macin shiga Dhaka ranar 6 sai suka matso da shi zuwa ranar 5, don kada a sami sararin shirya musu. A daren nan babban hafsan soji, Janar Waker-uz-Zaman, da manyan kwamandojinsa suka tsayar da cewa sojoji ba za su buɗe wa farar hula wuta don tabbatar da dokar ba. Da safe 'yan sanda sun ci gaba da harbi a wasu wurare, amma shingayen sojoji suka buɗe. Da rana Hasina ta tashi a jirgi mai saukar ungulu, ta nufi Indiya. Ranar 6 aka rusa majalisa, ranar 8 aka rantsar da masanin tattalin arziki Muhammad Yunus a matsayin shugaban gwamnatin riƙon ƙwarya, da biyu daga cikin shidan nan a majalisarsa.

Abin da ya biyo baya

Rahoton ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya, na 12 ga Fabrairu 2025, ya ƙiyasta cewa waɗanda aka kashe tsakanin 15 ga Yuli da 5 ga Agusta na iya kai 1,400, mafi yawansu jami'an tsaro ne suka harbe su, kuma kashi 12 zuwa 13 cikin 100 yara ne. An kama fiye da mutum 11,700. 'Yan sanda 44 suka mutu. Rahoton ya kuma rubuta hare-haren ramuwa a kan 'yan Awami League da 'yan sanda, da farmaki a kan gidaje da wuraren ibadar mabiya Hindu da wasu tsiraru, a kwanakin da 'yan sanda suka bar ofisoshinsu har ɗalibai ne ke ba da hannu a tituna. An haramta Chhatra League a Oktoban 2024. A Fabrairun 2025 wasu jagororin ɗaliban suka kafa jam'iyyarsu. Ranar 17 ga Nuwamba 2025 wata kotu a Dhaka ta yanke wa Hasina hukuncin kisa a bayan idonta.

Abin da ya ci da abin da bai ci ba, da dalili

Abin da gwamnati ta bayar ranar 23 ga Yuli kusan shi ne abin da ɗalibai suka nema a farkon wata. Da ta bayar da shi ranar 10 ko 13, da wuya a sami wanda zai ci gaba da zama a Shahbagh. Ta bayar da shi ne bayan ɗaruruwa sun mutu, lokacin da tambayar ta riga ta koma wa ya ba da umarnin harbi, kuma wannan tambaya ce da gwamnatin ba za ta iya amsa ta ba tare da ta tuhumi kanta ba. Tayin tattaunawa na 18 ga Yuli da na 3 ga Agusta duk sun makara ta wannan fuska.

Matakan murƙushewa kowanne ya yi maganin wani abu ƙarami ya haifar da babba. Rufe ɗakunan kwana ya kwashe ɗaliban da ake iya killacewa a haraba ɗaya, ya bar waɗanda ke warwatse cikin unguwanni inda maƙwabta ke ba su ruwa da mafaka. Katse intanet ya tara hujjoji ne kawai a cikin wayoyi har ranar da aka buɗe. Kame shugabanni kuwa ya dogara da zaton cewa akwai kai guda da za a sare, alhali tsarin masu tsarawa da yawa an gina shi ne tun farko don irin wannan rana. Ƙaryar da aka yi a kan kisan Rangpur, wanda kowa ya gani da idonsa, ta sa duk wata sanarwar hukuma da ta biyo baya ta rasa mai saurare.

Sai dai kuskure ne a ce jajircewar ɗalibai kaɗai ta kayar da gwamnatin. Dokar hana fita ta 20 ga Yuli ta kwantar da tituna na kusan mako guda, kuma a lokacin sojoji suna tare da gwamnati. Bambancin ranar 5 ga Agusta shi ne sojojin sun janye hannu. Aikin da ɗalibai suka yi shi ne faɗaɗa taron har ya haɗa da malamai da lauyoyi da iyaye da ma'aikata, ta yadda tarwatsa shi zai buƙaci kisan da hafsoshi ba su yarda su ɗauki alhakinsa ba. A wasu ƙasashen sojoji sun yarda, kamar a Sin a 1989, kuma sakamakon ya bambanta ƙwarai.

Akwai kuma inda ƙungiyar ta gaza. Tsarin da ba shi da shugaba guda ya kare ta daga kame, amma bai ba ta ikon hana ramuwar gayya ba bayan 5 ga Agusta, kuma waɗanda aka kashe ko aka ƙona wa gidaje a kwanakin suna da haƙƙin shari'a daidai da waɗanda aka harbe a Yuli. A kan ainihin batun ma, gyaran na 23 ga Yuli ya fito ne ta hukuncin kotu da sanarwar gwamnati, ba ta dokar majalisa da ɗalibai suka dage a kai ba. Kashi 10 na mata kuma ya ɓace gaba ɗaya a sabon rabon, duk da cewa ɗalibai mata suna sahun gaba tun daren 14 ga Yuli.